Shiga kwarin Spiti ta Shimla da fita ta Manali: takardar izini, shingaye da ciwon tsauni

Na rubuta wannan ne domin ɗalibanmu da ke karatu a Indiya, da duk wani mai fasfon waje da ke son zuwa kwarin Spiti, don kada su ɓata kwanaki a kan abubuwan da tun daga gida ya kamata a gama da su. Spiti yanki ne na jihar Himachal Pradesh, can cikin duwatsun Himalaya, dab da iyakar Indiya da Tibet. Mutanen wurin mabiya addinin Buddha ne irin na Tibet, kuma abin da ke kai baƙi can shi ne tsofaffin gidajen ibadarsu, waɗanda suke kira gompa, inda malamansu da ake ce wa lama ke zaune suna karatu. Hanyar mota biyu ce ke shiga kwarin. Ta Manali ita ce gajeriya, ba ta wuce kilomita 200 ba zuwa Kaza, babban garin Spiti, amma a yini ɗaya take ɗauko mutum daga tsayin mita 2,050 ta haura da shi mashigar Kunzum mai sama da mita 4,500, kuma ƙanƙara kan rufe ta daga wajen Nuwamba har zuwa Yuni. Ta Shimla ta haura kilomita 400, a hankali take hawa, kuma kusan duk shekara a buɗe take. Mu biyu muka yi tafiyar a watan Satumba, ni da wani abokin karatuna ɗan Damagaram, muka shiga ta Shimla muka fita ta Manali, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan ce ya yi.

Matakin farko asibiti ne, tun kafin a sayi tikiti. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba, Jos wajen mita 1,200, dutsen Chappal Waddi da ya fi kowane tsawo a Najeriya mita 2,419 ne. Garin Kaza ya ɗara ƙolin wannan dutse da fiye da mita 1,200, kuma a nan mutum zai kwana. Abin da ya fi shafar mu shi ne sikila. Mai SS ko SC bai kamata ya fara wannan tafiya ba. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa lau, ƙarancin iskar shaƙa a irin wannan tsayi na iya toshe masa jini a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Direbobi da masu masauki a can ba su saba da wannan matsala ba, za su ɗauka ciwon ciki ne kawai. Don haka muka sake gwajin jini muka tabbatar, muka kuma ga likita. Ya rubuta mana acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin a haura mita 3,000. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma wanda magungunan salfa ba sa karɓarsa dole ya faɗa wa likita. Mun sayi ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iska a jini. A sani cewa a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, yatsa mai sanyi kuma yakan ruɗe ta, saboda haka yadda jiki ke ji ya fi lambar muhimmanci.

Sai takardu. Kowannenmu ya yi kwafi shida na shafin fasfo mai hoto, shida na biza, shida na takardar zama da ofishin rajistar baƙi na FRRO ke ba ɗalibai, da ƙananan hotuna huɗu. Duk masaukin da ya sauke baƙon waje a Indiya wajibi ne ya cika masa Fom C, kuma a ƙauyen da babu wuta babu injin kwafi, kwafin da ke jakarka shi zai raba gardama. Fasfo na asali kuma dole ne, hotonsa a waya ba ya aiki a shingen binciken 'yan sanda. Wanda ke da wayar tauraron ɗan'adam irin su Thuraya ya bar ta a gida: haramun ce a Indiya ba tare da izini ba, kuma ana kama mutane a kanta.

Mun hau motar dare daga tashar Kashmere Gate a Delhi, gari ya waye mana a Shimla, muka yini muka kwana a can, a tsayin wajen mita 2,200. Washegari da sassafe muka shiga bas ɗin gwamnatin jiha, HRTC, zuwa Reckong Peo, hedikwatar gundumar Kinnaur, inda kowa ke cewa Peo kawai. Tafiyar ta ci mana kusan awa goma, ta Narkanda da Rampur, sannan hanya ta bi kogin Sutlej, a wasu wurare an fafe ta ne a jikin dutse, dutse a sama, rami a ƙasa. A watannin Yuli da Agusta, lokacin damina, duwatsu na zaftarewa a wannan yanki. A Agustan 2021 zaftarewa ta binne bas da wasu motoci a Nigulsari. Shi ya sa muka jira Satumba.

A Peo ne muka yi kuskuren farko. Baƙon waje ba ya wuce yankin da ke kusa da iyaka, tsakanin Kinnaur da Spiti, sai da takardar izini ta musamman, wadda a bakin kowa sunanta Inner Line Permit. 'Yan Indiya ba sa buƙatarta, shi ya sa abokan karatunmu 'yan ƙasa da suka taɓa zuwa ba su ko ambace ta ba. Ana bayar da ita a Shimla, da Peo, da Kaza. Mun sauka Peo daren Juma'a, muka sammako ofis ranar Asabar, muka tarar da ƙofa a garƙame. Ofisoshin gwamnatin jihar ba sa aiki ranar Lahadi da kuma Asabar ta biyu a kowane wata, mu kuwa a kanta muka faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kwanakin hutunmu a ƙidaye suke. Muka haura Kalpa, ƙauyen da ke saman Peo, tafiyar rabin awa, tsayinsa wajen mita 2,960, muka kwana biyu muna kallon ƙolin dutsen Kinner Kailash daga cikin gonakin tuffa. Daga baya muka gane waɗannan kwana biyun su suka fara saba wa jikinmu da tsayi, kuma ko da ofis a buɗe yake, kwana ɗaya a Kalpa wajibi ne.

Ranar Litinin ƙarfe goma muna bakin ofis. Ƙa'ida ita ce a nemi takardar a ƙungiya, daga mutum biyu zuwa sama, ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista. Akwai irin waɗannan ƙananan kamfanoni kusa da ofishin, kuma idan mutum shi kaɗai ne sukan haɗa shi da wani baƙon a takarda ɗaya. Wanda muka shiga wurinsa ya ba mu fom, ya karɓi kwafin fasfo da na biza da hoto, ya karɓi rufi 400, kuɗin Indiya, a kan kowannenmu. Wurin da ya kamata a natsu a fom ɗin shi ne jerin garuruwa. Sunan duk inda kake so ka tsaya ya fito: Pooh, Khab, Nako, Sumdo, Tabo, Dhankar, Kaza. Na so in rubuta Kaza kawai, sai ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, “Bhai, rubuta su duka, mai shinge abin da ke takarda yake karantawa.” Daga nan ya raka mu ofis, domin dole kowa ya bayyana da kansa a ɗauki hotonsa a kwamfuta, a gwada fasfo da kwafi. Jami'in ya dubi bizar karatu, ya nemi takardar FRRO, ya tambayi sunan makarantarmu, shi ke nan. Sauran aiki jiran sa hannu ne. Mun zauna a kan benci tare da wasu Turawa uku da wata 'yar Koriya har wajen ƙarfe ɗaya da rabi, sannan aka miƙo mana takarda mai hotunanmu, ta mako biyu. 'Yan ƙasashen Afganistan da Sin da Pakistan su kam sai sun sami amincewa daga ma'aikatar cikin gida a Delhi, amma fasfon Najeriya da na Nijar babu wanda ya ɗaga musu gira. Kafin mu bar kasuwar Peo muka yi wa takardar kwafi biyar, muka ciri kuɗi a banki, domin daga nan sai Kaza, na'urar cirar kuɗin Kaza kuwa ba kullum take da kuɗi ko layi ba.

Bas ɗin Kaza da sassafe yake tashi daga Peo, kuma wanda ke son kujera ya je da wuri. Ba a jima da barin gari ba, wajen Akpa, aka tsaya a shingen farko. Kwandasta ya kira baƙin waje, muka sauka da fasfo da takarda, ɗan sanda ya rubuta sunayenmu da lambar fasfo a wani dogon littafi, ya riƙe kwafi ɗaya. Minti goma ba a kai ba. Ba a ɗaukar hoto a shinge, ko gada, ko sansanin soja, kuma yankin cike yake da su. Bayan Pooh aka iso Khab, inda kogin Spiti ke shiga Sutlej, daga nan hanya ta fara nannaɗewa tana hawa, itatuwa suka ƙare, ƙasa ta koma tsandauri mai launin toka da ja, kamar hamada aka ɗora a kan duwatsu.

A Nako muka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Ƙauye ne mai kyau, da ɗan tafki da tsohuwar gompa, sai muka sauka muka kwana. Tsayinsa ya haura mita 3,600, wato mun ƙara kusan mita 700 a kan inda muka saba kwana, alhali shawarar likitoci ita ce da zarar an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Cikin dare abokina ya tashi da ciwon kai kamar ana sara masa guduma, da tashin zuciya, ya kasa cin komai. Na zauna kusa da shi da tocila ina ƙirga numfashinsa, ina sa shi ya miƙe ya taka layi ɗaya, diddige na taɓa yatsa, don in ga ko yana tangaɗi. Bai yi ba, bai kuma yi tari ba, hankalinsa na nan daram, don haka muka ba shi farasitamol da ruwan ɗumi muka jira safiya. Da ya fara tangaɗi, ko surutai, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, to babu jiran safiya, sai a nemi mota a sauka da shi ƙasa a daren. Maganin nasa a gaba yake: Tabo, mai tsayin mita 3,280, ta fi Nako ƙasa. Mun wuce Malling, inda duwatsu kan gangaro kan hanya, muka sake rajista a shingen Sumdo, inda Kinnaur ta ƙare Spiti ta fara, muka bar kwafi na biyu. Da la'asar a Tabo ya cinye kwanon thukpa, miyar taliyarsu, ciwon kai ya sake shi.

Mun kwana biyu a Tabo, kuma a ganina ita ce zuciyar tafiyar. An kafa gompar a shekarar 996, ana danganta ta da babban mai fassara Rinchen Zangpo, kuma har yau ana ibada a cikinta. Daga waje ba ta da wani kwarjini: gine-ginen laka ne masu kauri, masu shimfiɗaɗɗen rufi, cikin katanga, wanda duk ya san tsohon birnin Zariya ko Agadas zai ji kamar ya taɓa ganinsu. Dalilin ɗorewarsu ma ɗaya ne da namu, wato ƙarancin ruwan sama, domin duwatsu na tare gajimaren damina kafin ya iso kwarin. Ɗakunan ibada tara ne. Wani matashin lama ya buɗe mana babban, muka tuɓe takalma, muka tsaya har ido ya saba da duhu. Sannu a hankali siffofin laka masu girman mutum suka fara bayyana a jere a jikin bango, a zaune kamar ba abin da ke riƙe da su, bango kuma tun daga ƙasa har sama zane ne, shuɗi da ja, da ƙyar za ka sami tafin hannu ɗaya da ba a zana ba. Ba a ɗaukar hoto a ciki, ba a taɓa bango. Ni Musulmi ne, ban rusuna wa komai ba, ba kuma wanda ya nemi in yi. Abin da suke so ga baƙo shi ne ya rage murya, ya rufe jiki, kada ya miƙe ƙafa wajen siffofin ko littattafai, kuma idan zai kewaya hasumiyar da suke kira chorten, ko katangar duwatsu masu rubutu, ya bar ta a hannun damansa. Ana gaisawa da “Julley”, kuma akwai akwatin taimako a bakin ƙofa.

Dhankar ba a kan babbar hanya take ba. Daga Sichling ake ratsewa a hau kilomita 8 zuwa 9, don haka muka haɗa kuɗi da wasu muka ɗauki ƙaramar mota daga Tabo zuwa Kaza, da sharaɗin tsayawa a can. Tsohuwar fadar sarakunan Spiti ce, gompar na laƙe a kan tsinin ƙasa mai zaizayewa, a tsayin kusan mita 3,900, ƙasa kuma kogin Pin na haɗuwa da Spiti. Matakalar ciki ƙunci gare ta, ƙofofi gajeru, kuma ginin ya tsufa har ana taƙaita yawan masu shiga lokaci ɗaya. Akwai tafki a sama da ƙauyen, tafiyar awa ɗaya ko fiye a ƙafa. Mun bar shi saboda abokina, kuma daidai muka yi.

A Kaza muka yada zango kwana uku a gidan wasu mutane, ɗaki da abincin safe da na dare a kan rufi 1,200 kowane mutum. A nan akwai gidan mai, da kasuwa, da asibitin gwamnati mai iskar shaƙa, kuma layin Jio da BSNL na kamawa. Daga nan ake zuwa gompar Key, wadda ta fi kowace girma a kwarin, tafiyar kilomita 14, fararen ɗakuna a cure a kan tudu, a tsayin mita 4,166. A ɗakin girkinsu mai baƙin hayaƙi wani dattijon lama ya zuba mana shayi, yara 'yan makaranta masu jajayen riguna na guje-guje a tsakar gida. Washegari muka zaga Langza, da Hikkim mai gidan waya a tsayin mita 4,400, da Komic da ta haura mita 4,500. Duk waɗannan a je a dawo ne, a kwana a Kaza. Abinci kuwa mun tsaya a kan wanda babu nama: shinkafa da dal (miyar wani irin wake), momo na ganye (kwaɓin fulawa da ake naɗe ganye a ciki), thukpa, ƙwai, burodinsu. A ce “veg” kawai, kowa ya gane. Ana kuma miƙa wa baƙo chhang ko arak a wasu gidaje, giya ce, a ce a'a cikin ladabi. Ban ga masallaci ba tun daga Peo har Manali, a ɗaki muke salla muna ƙasaru, alƙibla kuma a nan yamma take, ta ɗan karkata kudu. Da asuba ruwa kamar ƙanƙara yake, sai mu roƙi uwar gida ta cika mana fulas da ruwan zafi tun da dare saboda alwala. Bayan gida a ƙauyuka busasshe ne, rami ne ake zuba ƙasa, saboda ruwa na da wuya kuma takin na komawa gona, don haka a tafi da buta ko gora. Iska ta fi hunturun gida bushewa, leɓe na fashewa, wasu har haɓo suke yi. Man kaɗanya da tabarau da hular sanyi sun yi mana amfani fiye da rabin kayan da muka ɗauko.

Fita ta Manali ba ta buƙatar wata takarda, sai rajista a shingen Losar. Mun tashi ƙarfe biyar na asuba, kuma dalilin sammakon shi ne rafukan da ke ratsa hanya daga narkewar ƙanƙara suke, da rana ta yi zafi sai su cika, motar da ta makara ta maƙale a tsakiya. A Kunzum direba ya kewaya wurin ibadar da ke kan mashigar kamar yadda al'adarsu take, muka sauka minti kaɗan, iska na kaɗa tutocin addu'a, numfashi na yi mana wuya ko a tsaye. Daga Batal zuwa Gramphu ita ce mafi munin hanya, duwatsu da ruwa, mota na tafiyar hawainiya. Sai ramin Atal, hanyar mota da aka huda ta cikin dutse, mai tsawon kilomita 9, wanda aka buɗe a 2020, ya fito da mu cikin koren daji, muka shiga Manali kafin magariba.

Da zan sake, zan duba kalanda in isa Peo ranar Litinin zuwa Alhamis, in karɓi takarda, in kwana Kalpa, in wuce Nako da rana kawai in kwana biyu a Tabo, sannan Kaza. Zan ware kwana goma daga Delhi zuwa Delhi, da ƙarin kwana biyu na ko-ta-kwana saboda rufewar hanya, in riƙe tsabar kuɗi da zai ishe ni mako guda. Wanda kuma ya shigo ta Manali ya isa Kaza ba tare da takarda ba, kada ya nufi Tabo da Kinnaur sai ya karɓe ta a Kaza tukuna, domin a Sumdo za a mayar da shi baya, bas ɗin komawa kuwa ba kowace awa yake wucewa ba.